Daren da UMBC ta kayar da Virginia: me farashin caca yake nufi a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Ranar Juma'a 16 ga Maris 2018, kafin a take wasa tsakanin Jami'ar Virginia da wata jami'a da ake kira UMBC a birnin Charlotte na jihar North Carolina, gidajen cacar Las Vegas sun liƙa lamba a gaban sunan Virginia: 20.5, da alamar ragi. Ma'ana, a idon kasuwa Virginia ta fi abokiyar karawarta da maki 20 da rabi. Babu wanda ya ga wuce gona da iri a wannan. Virginia ta shigo gasar da nasara 31 da rashin nasara 2 kacal, ita ce zakarar rukunin jami'o'in da take bugawa a ciki, wato ACC, ita kuma aka ɗora a kan dukkan ƙungiyoyin gasar. UMBC kuwa, jami'ar gwamnatin jihar Maryland da ke gundumar Baltimore, an fi saninta da ƙungiyarta ta wasan chess, kuma a watan Janairun shekarar Albany ta yi mata dukan kawo wuƙa, 83 da 39. Da aka tashi wasa, allo ya nuna UMBC 74, Virginia 54.

Tun daga daren nan ake kafa hujja da wannan wasa ta fuska biyu, kuma a ganina duka biyun kuskure ne. Wasu na cewa ai ga zahiri, alƙaluma ƙarya ne, ƙwallo ba ta san lissafi ba. Wasu kuma, waɗanda su suka fi tayar min da hankali domin su ne ke zuba kuɗinsu, cewa suke da an natsu an yi nazarin alƙaluman da an hango abin da zai faru, saboda haka mai nazari zai iya cin gidan caca. Lambar 20.5 farashi ce. An ƙera ta ne daga alƙaluman da kowa ke iya gani, an ɗora mata la'ada, sannan aka sake ta a kan wasan minti 40 da sakamakonsa ke iya karkata nesa fiye da yadda yawancin mutane ke zato.

Ga wanda bai saba da gasar ba: hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, tana da jami'o'i sama da 350 a rukuninta na farko. Duk watan Maris ana zaɓen wasu daga cikinsu (68 ne a 2018) su yi gasar sili-ɗaya-ƙwale da Amurkawa ke kira March Madness. Bayan wasannin share fage sukan koma 64. Ana raba su shiyya huɗu, a kowace shiyya a jera su daga lamba 1 zuwa lamba 16, sai a haɗa ta 1 da ta 16 a zagayen farko. Tun 1985 da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 64, an yi irin wannan karawa sau 135 kafin wasan UMBC, kuma duka 135 ɗin mai lamba 1 ce ta yi nasara.

Caca iri uku ce ta fi yawa a kan wasa irin wannan. Akwai ta wa zai ci kawai. Akwai ta jimillar maki, inda gidan caca zai ajiye lamba, mutum ya zaɓi ko makin ƙungiyoyin biyu a haɗe zai haura ta ko zai gaza. Sai babbar, wadda ita ce ƙashin bayan cacar ƙwallon kwando a Amurka, wato cacar rata, da manhajojin caca na nan gida ke kira handikaf. Ana danganta ƙirƙirarta ga Charles McNeil, wani malamin lissafi da ya koma sana'ar caca a Chicago a shekarun 1940. Matsalar da ya warware mai sauƙin ganewa ce. Idan giwa za ta kara da ɗan akuya babu mai zuba kuɗi a kan akuya, kasuwa ta mutu ke nan. Sai aka ce to, a ba mai rauni kyautar maki tun kafin a fara. Wanda ya zaɓi Virginia a rata 20.5 ba zai ci kuɗi ba sai ta yi nasara da maki 21 ko fiye. Wanda ya zaɓi UMBC ya ci ko da an doke ta da maki 20 cif. Rabin makin nan an sa shi ne don kada a yi kunnen doki a mayar wa kowa kuɗinsa.

Yanzu sai inda kuɗin yake. A Amurka farashin da aka saba ɗora wa kowane ɓangare na rata shi ne 110 da alamar ragi, wato ka zuba dala 110 domin ka ci 100. A tsarin da matasanmu suka saba gani a waya, wannan shi ne 1.91. Mu juya shi zuwa naira. Mutum biyu, ɗaya ya zuba 11,000 a kan Virginia, ɗaya ya zuba 11,000 a kan UMBC. Kuɗi 22,000 sun shiga akwati. Wanda ya ci za a ba shi 21,000, wato uwar kuɗinsa da ribar 10,000. Ragowar 1,000 ta gidan caca ce, ko wa ya ci. Tamkar dillalin kara ne: ba ruwansa da ko saniyar ta yi wa mai saye albarka ko mai sayarwa ya yi nadama, la'adarsa ta riga ta shiga aljihu. Dubu ɗaya cikin 22,000 kashi 4.5 ne cikin ɗari. Daga nan ne lambar da ya kamata duk mai sha'awar wannan harka ya haddace ta fito: sai mutum ya dace a kashi 52.4 cikin ɗari na dukkan cacar da ya yi kafin ya tashi ba riba ba faɗuwa. Wanda ke dacewa rabi da rabi, kamar yadda ratar ke son kowa ya kasance, a hankali jarinsa ke zagwanyewa.

To daga ina ita ratar take fitowa? A nan ne alƙaluman ƙungiyoyi ke shigowa, kuma a nan ne mai kallo na yau da kullum ya fi yin tuntuɓe, domin abin da ya fi saurin gani shi ne matsakaicin makin da ƙungiya ke ci a wasa, wanda shi ne mafi yaudara a cikinsu. A ƙaddara ƙungiya ɗaya na cin maki 80 a wasa, ɗaya na cin 66. Kowa zai ce ta farko ta fi iya kai hari. Amma idan ta farko gudu take yi, ƙwallo na shiga hannunta sau 75 a wasa, ta biyu kuma jan wasa take yi, sau 58 kawai take riƙe ƙwallo, lissafi ya juye. Ta farko na samun kusan maki 107 a kowane hari 100, ta biyu na samun kusan 114. Mai ƙaramin makin ita ce ta fi cin moriyar ƙwallon da ke hannunta. A ƙwallon kwando ƙungiyoyi biyu kusan adadin hari ɗaya suke samu a wasa, tunda ƙwallo karɓa-karɓa ake yi da ita, saboda haka abin tambaya shi ne me kowa ke yi da rabonsa.

Wannan hanyar auna ƙungiya da hari 100 ita ce Ken Pomeroy ya shahara da ita. Masanin hasashen yanayi ne a da, kuma shafinsa na KenPom ya zama wurin da masu horarwa da 'yan jarida da gidajen caca duk ke leƙawa. Abin da yake yi shi ne ya fitar da makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a hari 100, sannan ya gyara lambobin gwargwadon ƙarfin waɗanda ta kara da su da kuma filin da aka yi wasan. Gyaran nan ba ƙaramin abu ba ne. UMBC ta ci wasa 24 kafin gasar, amma yawancinsu a rukunin America East ta ciwo su, a hannun jami'o'i irin su Maine da Hartford. Virginia kuwa ta ci 17 cikin 18 a rukunin da Duke da North Carolina suke. Nasara suna ta tara. Wani manazarcin, Dean Oliver, ya rarraba abin da ke sa ƙungiya cin wasa zuwa gida huɗu, ya ba kowanne nauyinsa: ingancin jifa ya ɗauki kashi 40, rashin zubar da ƙwallo kashi 25, cafke ƙwallon da ta ƙi shiga domin a sake jifa kashi 20, sai samun jifan kyauta kashi 15. Duk wanda ya buɗe shafin nazarin wasa ya ga tarin lambobi, yawancinsu 'ya'ya da jikokin waɗannan huɗun ne.

Daga nan fitar da rata ba sihiri ba ne. A ƙaddara bambancin ƙarfin ƙungiyoyi biyu maki 34 ne a hari 100. Idan ana sa ran wasan zai ƙunshi hari 60, sai a ɗauki kashi 60 cikin ɗari na 34, a samu kimanin maki 20. Da wasan mai sauri ne, na hari 72, da ratar ta kai 24 da rabi. Idan a gidan ɗaya daga cikinsu ake yi, a ƙara masa wajen maki 3, amma wasannin wannan gasa a filin 'yan ba-ruwanmu ake yin su. Gidan caca zai fitar da lambar farko, ya taƙaita yawan kuɗin da zai karɓa, ya zuba ido ya ga inda ƙwararrun 'yan caca masu nasu kwamfutocin za su karkata, sannan ya matsar da lambar. Labarin rauni ya fito, ta sake motsawa. Lambar da aka rufe kasuwa a kanta dab da fara wasa ta riga ta haɗiye duk abin da jama'a suka sani.

Mu koma kan Virginia ta 2018, domin akwai abubuwan da alƙaluma suka faɗa a kanta, kuma gaskiya suka faɗa. Kocinta Tony Bennett ya gaji wani salon tsaro daga mahaifinsa, Dick Bennett: mutum ɗaya ya matsa wa mai ƙwallo, sauran huɗun su cunkushe a kusa da kwando su toshe hanyar kutsawa. A kakar nan kimanin maki 53 ake cin Virginia a wasa, mafi ƙanƙanta a ƙasar, kuma babu ƙungiyar da ta kai maki 70 a kanta kafin daren. Sannan ita ce ta fi kowa jan wasa, wajen hari 60 take yi, tana cinye kusan duk daƙiƙa 30 da doka ta ba ta kafin ta yi jifa. Wannan salo yana da wani ɓoyayyen tsada. Fifikon mai ƙarfi a kan mai rauni tarawa yake yi hari bayan hari, yayin da sa'a da rashinta ke share juna idan aka daɗe ana yi. Wanda ya rage yawan hari ya rage wa fifikonsa damar bayyana, ya ƙara wa sa'a bakin magana. Kuma tsaron da ya toshe ciki dole ya bar wa abokin gaba jifan nesa mai maki uku, wanda shi ne jifan da ya fi kowanne canza launi daga dare zuwa dare. A kan wannan kuma, kwana uku kafin wasan aka sanar da cewa De'Andre Hunter, matashin da ke iya tsare kusan kowane irin ɗan wasa, ya karye a wuyan hannu, ba zai buga gasar ba.

Duk waɗannan an san su kafin a take wasa. Suna cikin 20.5 ɗin. Wannan shi ne abin da masu cewa "da an yi nazari" ke tsallakewa.

An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21, wasa mai nauyi irin wanda Virginia ta saba shaƙe mutane a cikinsa. Ana dawowa UMBC ta buɗe wuta, cikin 'yan mintuna ta wuce da fiye da maki 10. Ɗan ƙaramin mai rarraba mata ƙwallo, K.J. Maura, ɗan Puerto Rico da tsawonsa bai wuce mita 1.73 ba, ya manne wa masu ɗauko ƙwallon Virginia kamar kaska. Jairus Lyles, wanda shi ne ya jefa ƙwallon da ta ba UMBC tikitin gasar a kan Vermont ana dab da tashi, ya riƙa ratsa tsaron da aka ce ba ya ratsuwa, jijiyar ƙafarsa na ɗaurewa yana ci gaba. Ya yi jifa 11, guda 9 suka shiga, ya tashi da maki 28, kuma 23 daga ciki a zagaye na biyu ya ci su. Ita kuwa Virginia, ƙungiyar da aka gina domin riƙe ragama, ta tsinci kanta tana bin bashi agogo na tafiya, sai ta shiga jifan gaggawa da ba ta saba ba. UMBC ta ci maki 53 a minti 20 na ƙarshe, daidai abin da ake cin Virginia a cikakken wasa.

Jifan nesa kaɗai ya bayyana rabin labarin. UMBC ta jefa 24, ta ci 12. Virginia ta jefa 22, ta ci 4. Matsakaicin abin da ƙungiyoyin rukunin farko ke ci a irin wannan jifa wajen kashi 35 ne cikin ɗari. Da kowa ya tsaya a nan, da UMBC ta ci 8, Virginia ma kusan 8. Bambancin ƙwallo huɗu a nan da huɗu a can ya kai maki 22 ko fiye. Sakamakon ya kauce wa ratar kasuwa da maki 40 da rabi, kuma sama da rabin wannan kaucewa daga jifan nesa ta fito, abin da babu kwamfutar da za ta faɗa maka yadda zai kasance a dare guda.

Masu wannan lissafi sun daɗe da auna yadda sakamako ke kauce wa rata a ƙwallon kwandon jami'o'i, kuma ma'aunin da suke aiki da shi wajen maki 11 ne. Wato a wasa biyu cikin uku sakamako na faɗawa cikin maki 11 sama ko ƙasa da ratar, a ɗaya cikin ukun kuma ya wuce haka. A tsaya a yi tunani a kan wannan: idan aka ce ƙungiya ta fi da maki 6, ba abin mamaki ba ne ta ci da 17, ba abin mamaki ba ne a doke ta da 5. Da wannan ma'auni, ƙungiyar da aka ba rata 20.5 tana da damar cin wasan kai tsaye kimanin kashi 3 cikin ɗari. Kaɗan ne, amma ba sifili ba ne, kuma gasar da ke haɗa irin wannan karawa sau huɗu duk shekara dole wata rana abin ya faɗo. Abin da ya wuce hankali shi ne girman dukan, domin kaucewar maki 40 kusan ninki huɗu ce na ma'aunin. Wannan kam babu nazarin da zai hango shi, kuma duk wanda ya ce maka ya hango, ka tambaye shi sau nawa ya hango irinsa bai faru ba.

Shekara biyar bayan haka abin ya maimaita kansa da wata siffar. Ranar 17 ga Maris 2023 a Columbus ta jihar Ohio, aka ba Purdue fifikon maki 23.5 a kan Fairleigh Dickinson. Purdue na da Zach Edey mai tsawon mita 2.24, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar, abokiyar karawarta kuwa ita ce mafi gajerun 'yan wasa a duk rukunin farko, kuma ba ma ita ta ci kofin rukuninta ba: Merrimack ce ta doke ta a wasan ƙarshe, sai dai dokar sabon shiga ta hana Merrimack zuwa gasar. Edey ya yi nasa, maki 21. Amma an yi masa taron dangi an bar abokansa a sarari, suka jefa na nesa 26, guda 5 suka shiga. Aka tashi Fairleigh Dickinson 63, Purdue 58. Jifan nesa ne dai ya sake yanke hukunci.

Bayan kowane irin wannan dare, masu sharhi kan fito su ce salon kocin ne ba ya aiki a gasar sili-ɗaya-ƙwale. An faɗa wa Bennett haka har ya gaji da ji. Shekarar da ta biyo baya, da salon nan dai, Virginia ta sake haɗuwa da mai lamba 16, Gardner-Webb, har Gardner-Webb ta wuce ta da maki 14 a rabin farko na wasan kafin Virginia ta farfaɗo ta ci 71 da 56, ta wuce ta ɗauki kofin ƙasa a hannun Texas Tech, 85 da 77 bayan ƙarin lokaci. Purdue ma a 2024 ta kai wasan ƙarshe kafin Jami'ar Connecticut (UConn) ta tsayar da ita. Ƙungiyoyin na ƙwarai ne, yadda alƙaluma suka ce. Ko a zamanin da babu KenPom haka abin yake: a 1983 Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ta zo wasan ƙarshe kowa na ganin kofin nata ne, North Carolina State ta kayar da ita 54 da 52 da ƙwallon daƙiƙar ƙarshe, duk da cewa shi Olajuwon aka ba gwarzon gasar.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne wasannin nan ba su tsaya a Amurka ba. Suna cikin manhajojin cacar da ke wayoyin matasanmu, kuma da yake tsakar darenmu ake buga su, lokacin da ƙwallon ƙafar Turai ta ƙare, su ne ke cike gurbi ga wanda ya yi asara da yamma yake neman ramawa. Yaro bai taɓa ganin filin UMBC ba, bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, amma zai buɗe shafin alƙaluma ya ga wannan na cin 78 waccan na cin 65, ya ji a ransa ya gano abin da wasu ba su gano ba. Abin da ya gani kuwa shi ne matakin farko na tsanin da masu ƙera farashi suka hau har ƙarshensa tun kwanaki.

Mafi muni shi ne al'adar jera wasanni da yawa a tikiti ɗaya. La'adar kashi 4.5 ɗin nan ninkuwa take yi da kowane wasa da aka ƙara. Wasa biyar a farashin 1.91 na biyan kimanin ninki 25, alhali adalcin lissafi ninki 32 ne, wato gidan caca ya riƙe sama da kashi 20 cikin ɗari. A wasa goma abin da ya riƙe ya kai kashi 37. Sai kuma ɗabi'ar cusa "tabbataccen" wasa a tikiti don ya ɗan ɗaga kuɗin. Farashin 1.02 a kan babbar ƙungiya na nufin sai ta ci 98 cikin 100 kafin a tashi ba asara, ribar naira 20 a kan kowace dubu, a madadin haɗarin rasa dubun gaba ɗaya tare da duk sauran tikitin. Daren Virginia irin waɗannan tikitin ya ƙone. Ga musulmi hukuncin caca ba ya buƙatar dogon bayani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, kuma a 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a birnin. Sai dai shago ake iya sa wa kwaɗo, waya na aljihu, shi ya sa nake ganin bayanin lissafin ma wajibi ne, domin da yawa sun lallashi kansu cewa abin da suke yi nazari ne, ba caca ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato abin da rata ke yi wa su 'yan wasan, waɗanda ɗalibai ne 'yan shekara 18 zuwa 23. Cacar rata ta buɗe ƙofar ha'incin da babu shi a da: ɗan wasa na iya sayar da wasa ba tare da ƙungiyarsa ta faɗi ba. An ce kun fi da 12, ku ci da 8, magoya baya na murna, wanda ya saye ka ma na murna. Jifan kyauta biyu da suka ƙi shiga da ƙwallo ɗaya da ta suɓuce sun isa, kuma wa zai rantse da gangan ne? A 1951 aka bankaɗo irin wannan a New York, ya haɗa da 'yan wasan City College da suka ɗauki manyan kofuna biyu a 1950, ya shafi 'yan wasa 32 daga jami'o'i bakwai. An sake yi a Boston College a kakar 1978 zuwa 1979 da hannun wani gungun 'yan daba, har aka yanke wa ɗan wasa Rick Kuhn ɗaurin shekara 10. Tulane ta rufe ƙungiyarta baki ɗaya a 1985 saboda haka, sai 1989 ta dawo. A Arizona State a 1994 bashin caca ne ya jefa tauraron ƙungiyar cikin harkar, kuma gidajen cacar Las Vegas ne suka fara lura da kuɗin da ke kwarara ba bisa ƙa'ida ba.

Duk wannan ya faru ne lokacin da jihar Nevada ce kusan kaɗai ke da halastacciyar cacar wasanni. Wata biyu bayan wasan UMBC, ranar 14 ga Mayu 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana sauran jihohi, kuma yanzu jihohi sama da 35 sun halasta ta. Tare da ita aka samu yaɗuwar caca a kan ɗan wasa guda: maki nawa zai ci, ƙwallo nawa zai cafke. A nan ba a buƙatar sayen ƙungiya, mutum ɗaya ya isa, kuma shi ne wanda duk wanda ya yi asara zai nema a Instagram ya zazzaga masa zagi da barazana. Tun 2021 an yarda ɗaliban su samu kuɗi daga tallace-tallace, amma taurarin manyan jami'o'i ne ke kwasar rabon, yaron ƙaramar jami'a da wasansa ke kan allon caca a nahiyoyi uku bai ga komai ba, kuma shi ne ya fi sauƙin saye.

A Janairun 2023, makonni kaɗan bayan Ohio ta buɗe kasuwar caca, kocin Jami'ar Dayton, Anthony Grant, ya tsaya gaban 'yan jarida rai a ɓace yana kokawa kan yadda 'yan caca ke kai wa yaransa hari a intanet bayan sun faɗi wasa. A Fabrairun 2024 Ohio ta haramta caca a kan ɗaiɗaikun 'yan wasan jami'a, Maryland da Vermont da Louisiana suka bi sahu, shugaban NCAA Charlie Baker kuma ya roƙi sauran jihohi su yi haka. Da yawa ba su yi ba, kuma kamfanonin da ke wajen Amurka dokar ba ta hau kansu ba. A Satumbar 2025 NCAA ta kori 'yan wasa uku da suka buga wa Fresno State da San Jose State daga wasannin jami'o'i har abada, bayan ta gano sun yi caca a kan alƙaluman wasansu, ɗaya daga cikinsu har ya rage ƙwazo da gangan domin makinsa ya gaza lambar da aka ajiye.